Alawar da Zaidu Ya Rantse a Kanta

Ibrah ne ya kawo fitinar a cikin wayarsa, kamar yadda ya saba. Duk fadar 'yan hira da ke zama ƙofar kantin Zaidu a Filinge ta san halinsa. Mutum ne da ba ya iya ganin abin tashin hankali ya haɗiye shi kaɗai, sai ya bi kowa da shi har ya ga fuskoki sun ɓaci, sannan ransa ya yi fari. Ranar bayan la'asar ce, an ɗora shayi na biyu a kan gawayi, Zaidu yana ciki yana ƙulla wa wata mata sukari, sai ya ji hirar waje ta ɗauke ɗif.

Fadar da ko kiran salla ba ya kashe mata baki nan take, yau ita ce ta yi shiru? Ya sallami matar ya leƙo.

Ya tarar duk sun haɗa kai a kan wayar, shi ma ya kutsa nasa. Wata masana'anta ce a can ƙasar Turawa. Ga fatu tsibi guda, ga ƙasusuwa ana juye su cikin wata tukunyar ƙarfe da ta fi ɗaki girma. Aka tafasa, aka tace, wani ruwa mai yauƙi ya fito, aka busar da shi ya koma gari. Har nan babu wanda ya gane inda aka dosa. Sai aka haɗa garin da sukari da launi, aka tsiyaya a 'yan ramuka, inji ya girgiza, sai ga alawa tana zubowa, ja da rawaya da kore, mai laushi, mai danƙo. Irinta ce sak ke rataye a jere bisa kan Zaidu.

"Fatar alade ce," in ji Ibrah, yana bin su da ido ɗaya bayan ɗaya. "Kun dai gani da idonku. Ita muke ba ɗiyanmu."

Wani ya tofar da yawu. Wani ya ja salati mai tsawo. Magagi direba, wanda ko jiya sai da ya sai wa yaransa leda guda, ya ɗaga kai ya yi wa Zaidu wani irin kallo, sai ka ce Zaidun ne ya feɗe aladen a bayan kanti.

Mushe Abdulgafar kaɗai bai girgiza ba. Malamin lakkol ne, wato makarantar boko, shi ya sa ake ce masa Mushe, kuma ba ya yarda da wayar Ibrah ko da gaisuwa ce ta fito daga cikinta. Ya ce a tsinko masa leda ɗaya. Ya saka tabarau, ya juya bayanta, ya kai ta har kusa da hanci saboda ƙanƙantar rubutun.

"Abin sunansa jelatin," in ji shi. "Gaskiya ne akwai shi a ciki, kuma gaskiya ne wasu da alade suke yi. Amma wagga ta Zaidu, na saniya ne, sun rubuta. Ga ma tambarin halal a gefe. Ibrah, ka tada mana hankali a banza."

Fada ta sauke numfashi. Aka yi ta hamdala, aka koma kan Ibrah da tsiya. Magagi ya yage ledar ya jefa biyu a baki don a ga ya huce. Ibrah ya mai da wayarsa aljihu yana cika yana batsewa, an ƙwace masa nama a baki.

Zaidu bai yi hamdala ba. Yana tsaye inda yake, hannu ɗaya dafe da ƙyauren kanti.

"Mushe, saniya kac ce?"

"Saniya. Ƙashi da fata. Ba komi, ka ci gaba da cinikinka."

"Ba ɗiyan itace ba ne? Ga mangoro jikin ledar."

"Ƙamshin mangoron aka sa. Abin da ya riƙe ta har take danƙo, dabba ce."

Zaidu ya ce to. Ya shiga ciki ya zauna kan buhun shinkafa. Gumi ya karyo masa.

Ga abin da fadar ba ta sani ba. Zaidu yana da tsohuwa a wani ƙauye can cikin ƙasar Kurfai, gindin dutse, sunanta Tanne. Ɗiyar maharbi ce. Ta tashi a gidan da ba a rasa naman zabo da na gada, kuma an ce tana yarinya har tsokanarta ake yi da son nama, in ana suya ba ta iya zama wuri ɗaya. Da ta yi aure sai haihuwa ta zo mata da baƙin ciki. Ta haifa, ta goya, kafin yaye a ɗauka a kai makwanci. Haka aka yi ta yi, har ta daina yi wa jariri wasa don kada ta saba. Da Zaidu ya zo ya yi 'yan watanni, shi ma ya kama hanyar 'yan'uwansa: ido ya faɗa, kuka ya ƙare. Tanne ta saɓe shi ta nufi gidan Lantana, uwar borin garinsu. Aka ja goge, aka buga ƙwarya, Doguwa, iskar da kakanninsu suke yi wa hidima, ta hau kan Lantana ta yi magana. Ta ce za ta bar mata wannan. Amma daga ranar, bakin Tanne da duk wani abu mai jini sun raba hanya. Ran da ta ɗanɗana, ran nan za ta dawo ta karɓi abinta.

Yaro ya tashi. Uwar ta laƙaba masa Abarshi, kuma har yau da shi take kiransa.

Shekara arba'in da ɗoriya ke nan Tanne tana riƙe da alkawarin nan, riƙon da ba na wasa ba. Tukunyarta dabam, muciyarta dabam, ludayinta dabam. Ba ta sa magi a miya, don ta taɓa ganin hoton zakara jikin takardar. Daudawarta ta batso, ta 'ya'yan yakuwa, da hannunta take yi. Gidan suna ko na biki, fura kawai take sha ta tashi. Ko fara, da kowa ke soyawa da kaka, ba ta taɓawa, wai ba ta san daidai inda Doguwa ta ja iyaka ba, gara ta tsaya nesa.

Shi kuwa Abarshi ya girma ya yi karatun allo, ya koma gari, ya zama mutumin sahun gaba a masallaci. Alkawarin nan ya tsaya masa a rai, kunya yake ba shi, haushi yake ba shi. Kowace Layya sai ya ɗauki cinyar rago da wa'azinsa ya nufi ƙauye.

"Inna, rai hannun Allah yake. Babu wata Doguwa. Zazzaɓi ne na yi, kwanana na gaba, na warke."

"To, Abarshi, na ji."

Kafin ya gama alwala cinyar ta tsallake danga ta shiga maƙwabta. Ya yi faɗa, ya yi lallashi, har malami ya taɓa ɗauka takanas ya kai mata. Ta dama wa malamin fura mai kyau, ya sha ya yi godiya ya koma.

Da tsufa ya zo, haƙora suka zube. Goron da take ɗan ragewa da shi ya gagara, ta rame har zanenta yana zagaya ta sau biyu. Abin yana cin Zaidu. Ana nan sai alawar nan ta fara zuwa daga Yamai. Ya taɓa ta ya ji laushi, ya ce yauwa, ga abin da Inna za ta iya. Ran da ya fara kai mata, ta riƙe ɗaya da yatsu biyu, ta shinshina, ta juya.

"Babu mai jini ciki?"

Ya yi dariya, ya nuna mata mangoro da lemo jikin ledar.

"Ni hoto ba ya yi mini shaida. Rantse."

"Wallahi tallahi, Inna, ɗiyan itace ne da sukari."

Tanne ba ta bin sa masallaci, amma ta san ɗanta ba ya wasa da sunan Allah. Ta saka ta a kunci. Ta lumshe ido, fuskarta ta saki yadda ya daɗe bai gani ba. Tun bara waccan ke nan. Tun ranar, duk ranar kasuwa sai ya ba Magagi leda ya sauke mata a hanya. Tana ajiye su cikin wani ɗan kwano mai murfi, ta saka ɗaya a kunci ta wuni tana tsotsa, tana yi wa tsofaffin garin alfahari da ɗiyan itacen Abarshi.

Abin da ya zaunar da shi kan buhun shinkafa ke nan. Abin da tsohuwa ta tsare tun yana tsumman goyo, shi ya karya mata, da hannunsa, da rantsuwarsa.

Ya rufe kanti tun kafin magariba, abin da bai taɓa yi ba. A gida Basiratu matarsa ta aje masa tuwo, ya wanke hannu, ya zauna yana kallonsa har ya huce. Da ta matsa, ya gaya mata. Ita ma ta riƙe baki, sannan ta kawo dabara irin ta mai son zaman lafiya.

"Kada ka hwaɗa mata. Ka daina aikawa kawai. In ta tambaya ka ce kaya sun daina shigowa."

"Akwai saura gare ta. Babbar leda na aika wancan mako."

"To ta ƙare ta. Wanda ya ci bisa rashin sani ai ba shi da laifi."

"Ni yanzu na sani."

"Malam, tsohuwar nan in ta ji, za ta ce mutuwa za ka yi. Za ta daina cin abinci. Kai za ka kashe ta da gaskiyarka."

Ya san da haka, shi ne ma abin da ya fi tsorata shi. Amma ya san kuma wayar Ibrah ba ita kaɗai ba ce a duniya. Gobe ko jibi wani ɗan ƙauyen zai dawo daga kasuwa da hoton nan, a haɗa kai a kalla ƙarƙashin bishiya, wata ta ruga ta ce Tanne, zo ki ga alawarki. Ta ji a bakin duniya cewa ɗanta ya rantse mata bisa ƙarya? Ina. Gara ya je da ƙafarsa.

Basiratu ta dube shi da kyau. Tun ɗazu yake shafa wuyansa, yana danna ƙirji.

"Mi ke damunka a jiki?"

"Ba komi."

"Kai da kac ce babu Doguwa, mi ya kawo gumi haka?"

"Zahi ake yi," in ji shi, ya tashi ya bar mata wurin.

Da safe ya shiga motar Magagi. Magagi ya lura babu leda a hannunsa, ya buɗe baki zai tambaya, ya ga fuskarsa, ya kunna rediyo. Aka sauke shi bakin hanya, ya taka sauran da ƙafa ta cikin gonakin da aka riga aka girbe, karan gero yana karce masa ƙafar wando. Duk hanya yana shirya magana yana rushewa. Wa'azi dai ya iya shi, amma wannan ba wa'azi ba ne.

Ya same ta da hantsi a ƙarƙashin rumfa, ta miƙe ƙafafu tana tsintar tsakuwa daga 'ya'yan yakuwa. Kuncinta na dama a ɗan kumbure. Gabansa ya faɗi.

"A'a, Abarshi ne yau ba kasuwa ba salla? Lahiya?"

Ya durƙusa ya gaishe ta. Ta tambayi Basiratu, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, yana amsawa idonsa na kan kuncin nan yana motsi. Ya kasa jurewa.

"Inna, tofar da abin da ke bakinki."

Ta dube shi. Ba ta tambayi dalili ba, ta tara tafin hannu ta fito da ita. Ja ce, ta sha tsotsa har ta zama 'yar mitsitsiya.

"Na rantse miki bisa abin da ban sani ba," in ji shi. "Akwai saniya ciki."

Tanne ta dubi tafin hannunta, ta dube shi.

"Wanga ɗan abu? Ta ina saniya ta shiga?"

"Ƙashi da fata ake dahwawa. Inna, kin san romon ƙafar saniya in ya kwana, yadda yake daskarewa yana rawa cikin kwano? Shi ne. Shi suke busarwa su sa sukari."

Da ya kawo mata zancen inji da Turawa, da ta ce shirme ne. Amma romon da ya kwana, wannan ta san shi. A gidan ubanta ita ke lashe kwanon da safe. Ta saka yatsa ta danna alawar, ta lotsa, ta dawo. Ta sake dannawa. Ya ga jini ya bar fuskarta.

"Shi ne," ta ce a hankali. "Wallahi shi ne. Shi ya sa bakina ya karɓe ta haka."

Ya jira ihu. Ya shirya wa ihu, ya shirya wa zagi, har mari ya shirya wa. Babu wanda ya zo.

"Tun yaushe suka fara sa wa?"

"Tun farko."

"Har wadda ka fara kawo mini?"

"Har ita."

Ta goge hannu da ƙasa, ta dafa ginshiƙin rumfa ta miƙe. Ta zo kansa inda yake durƙushe. Ta ja fatar idonsa ƙasa ta leƙa. Ta taɓa goshinsa da bayan hannu, ta lalubi ƙarƙashin haɓarsa, ta danna cikinsa ta saman riga. Ƙato mai furfura a gemu, ana duba shi kamar ɗan goye, kuma bai motsa ba.

"Ba ka jin komi?"

"Ba na jin komi."

"Bara ba ka kwanta ciwo ba?"

"Ko mura."

"Har ƙiba ka yi," in ji ta, ba da wasa ba.

Ta juya ta shiga ɗan ɗakin da ke bayan rumbu, inda take ajiye kayan Doguwa: farin zane, da ƙwaryar da take zuba mata nono. Rabon Zaidu da kusantar ƙofar nan tun yana yaro. Ya zauna yana jiran ya ji kuka, ko kirari, ko irin gurnanin nan da ya tsana. Sai kukan kurciya kawai daga kan dutse. Inuwar rumfa ta janye daga ƙafafunsa, bai matsa ba.

Da ta fito, sai ya ga kamar ta ƙara tsufa. Ta koma mazauninta ta zauna, ta ture faifan yakuwar gefe.

"Na gaya mata. Na kira ta da duk sunayenta. Ba ta ce komi ba."

"Inna…"

"Damina ta wuce, wata ta wuce, kullum ina cin saniya. Da sahe saniya, da marece saniya. Ga ka zaune." Ta girgiza kai. "Ko ta yahe ne ba ta hwaɗa mini ba? Ko ta bi Lantana lahira? Ko kuwa tun can…"

Ba ta ƙarasa ba. Shi da ya shekara da shekaru yana ƙarasa mata wannan maganar, yau bakinsa ya mutu.

Ta yi ta magana, ba da shi ba, da hannayenta da ke kan cinya. Ta ce ranar aurensa sa guda aka kayar, ita ta tsaya kan tukwane tun safe, ta koma gida ta sha kunu. Ta ce shekarar yunwa, da dabbobi ke faɗuwa ana yankawa kafin su mutu, nama ya fi hatsi araha, ita tafasa ta yi ta ci har ƙafafunta suka kumbura. Ta ce ubanta, a ciwonsa na ajali, ya harbo mata zabo da ɗan ƙarfin da ya rage masa, ya ce ki ci ko tsoka ɗaya in gani, ta ƙi, ya mutu yana fushi da ita. Zaidu bai taɓa jin wannan ba. Tausayi ya kama shi.

Can ta ɗaga kai. Wani jan zakara yana tono a gindin danga.

"Kama mini wancan."

"Na'am?"

"Ka ji ni. Yanka shi. Ina son in ji ko ɗanɗanon na nan yadda na bar shi."

To, ga abin da ya yi ta roƙo. Ga ranar da ya yi ta addu'a Allah ya nuna masa. Kamata ya yi ya yi hamdala ya tashi da gudu. Ya dai tashi, amma jikinsa a sanyaye. Ya kama zakaran, ya fuskanci gabas, ya yi bisimilla ya yanka. Da jinin ya tsartu kan yashi sai ya ji tsigar jikinsa ta tashi, shi da yake yanka rago duk shekara ko a jikinsa.

Ita ta fige da kanta, kuma hannun bai manta ba. Ya ce bari ya aro tukunya a maƙwabta, ta ce a'a. Ta ɗauko tata, baƙar tukunyar nan da ba ta taɓa ganin nama ba, ta ɗora. Ta daka tafarnuwa da citta da barkono, ta jefa daudawa. Ta bar shi kan wuta ya yi ta dahuwa, saboda dasashi ne zai yi aikin. Ƙamshi ya cika gidan, ya tsallake danga. Wata maƙwabciya ta leƙo, ta ga tukunyar da ke kan murhu, ta dafe ƙirji ta koma ba ko sallama.

Zaidu ya yi azahar a gefen rumbu. Ya rasa raka'a nawa ya yi, sai da ya sake.

Da ya dawo ta juye a kwano, ta aje tsakaninsu. Naman ya saki ƙashi, romo yana tururi. Ta wanke hannu. Ta zauna tana kallon kwanon, maƙogwaronta yana motsi. Ya ga yarinyar nan da ake ba shi labari, ɗiyar maharbi, tana leƙowa ta cikin idon tsohuwa. Ta kai hannu ta tsinko tsoka daga cinya, 'yar ƙarama, ta hura mata iska. Ta ɗago ta.

Bai san lokacin da ya yi ba. Ya dai ga hannunsa riƙe da wuyan hannunta, tsokar tana tsakanin kwano da baki, romo yana gangarowa kan yatsunsa.

Suka dubi juna.

"Abarshi, mi ne ne?"

"Ki aje, Inna."

"Ba kai kac ce babu ta ba?"

"Babu ta."

"To sakar mini hannu."

"Babu ta, Inna. Wallahi babu ta. Amma ki aje."

Hawaye suka zubo masa, kunya ta rufe shi, amma yatsunsa sun ƙi buɗewa. Waccan bisa rashin sani ta ci. Wannan kuwa da sani ne, ido buɗe, rana tsaka. Yana da yara ƙanana, ƙaramar ko tafiya ba ta fara ba. Ya san rai hannun Allah yake, ya sani sarai, zai iya kawo aya. Duk da haka zuciyarsa bugawa take kamar za ta fasa riga, kuma bai taɓa jin tsoro irin na yau ba.

Tanne ta daɗe tana kallonsa. Babu dariya a fuskarta, babu alamar ta ci nasara. Ta dubi tsokar, tana kusa da bakinta har tana jin ɗuminta.

Sannan ta sassauta hannu. Ya saki. Ta mai da tsokar cikin kwano. Yatsun da suka jiƙe da romo ta riƙe su nesa da fuskarta, ta jawo buta ta wanke su tas, ta sake wankewa da toka.

"Da Doguwa ce ta hana ni," in ji ta. "Yau kai ne."

Ya sunkuyar da kai.

Ta miƙa hannu bayanta ta jawo ɗan kwanon nan mai murfi, ta girgiza shi, sauran alawar suka motsa a ciki. Ta aje shi kusa da takalmansa.

"Ka tahi da su ka ba ɗiyanka. Su ba wanda ya hana su." Ta sake duban ɗan kwanon. "Babu irinta wadda ba saniya?"

"Zan tambaya, Inna."

"In ka samo, kada ka rantse. Ka kawo kawai in duba da kaina."

Ta tura masa kwanon zakaran da bayan hannu har ya taɓa gwiwarsa, yadda take yi tun yana yaro, lokacin da yake samun tsoka biyu a gidan da kowa ke samun ɗaya, yana zaton wayonsa ne.

"Ci. Kada ya huce."

Ya sa hannu. Naman ya yi daɗi, abin haushi, ya yi daɗi ƙwarai, kuma da ƙyar yake wucewa. Ita ta jawo ƙwaryar furarta ta riƙe ludayi, amma ba ta sha ba. Da ya ɗaga ido sai ya ga inda take kallo. Sai ranar ya lura, ashe duk tsawon rayuwarsa, in yana cin nama, bakinsa take kallo har ya gama.